Ranar da Na Kasa Kiran Sunanka a Filin Ƙanƙara

Kuala Lumpur,
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Sadiku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, jirgi ya sauke ka lami lafiya, an zura maka tsinken nan a hanci an ce ba ka ɗauke da korona. Ummanka na gaishe ka, ko da yake yanzu haka tana ɗakinka tana ta cusa ƙullin yaji da kuka cikin safar wasanka. Na ce mata za su ƙwace a can, ta ce su ƙwace. Ƙanwarka Hafsatu ma na gaisuwa. Ita na sa ta ɓoye takardar cikin takalmin ƙanƙararka na hagu, domin na san ba za ka buɗe jakar kayan wasa ba sai ka shiga ɗakin da za su killace ka. Sati biyu za ka yi kai kaɗai, ba fili ba abokai, ka ga kana da lokacin karanta surutun tsoho.

Ka ga sunanka a sama. Da hannuna na rubuta shi, kuma sai da na ajiye alƙalami na sha ruwa kafin na ci gaba. Shekara goma sha tara ke nan ina ce maka "kai", ko "wannan", ko "yayan Hafsatu", a fili kuma "sha huɗu", lambar da ke bayan rigarka. Zan zo kan dalili.

Abin da ya zaunar da ni rubutu guda ɗaya ne, bari in faɗe shi tun yanzu kada ya ɓace cikin labari. Kafin ka ɗaure takalmi ka hau ƙanƙarar mutanen nan, ka je wurin likitan ƙungiyar da ta ɗauke ka, ka gaya masa ka bugu a ka wata biyu da suka wuce, kuma har yau kan yana sara maka. Na san ka roƙi Ummanka kada ta gaya mini. Na san ka ce mata in suka ji za su mayar da kai gida su ɗauki wani. Ta gaya mini, kuma kada ka riƙe ta, tsoro ne ya fi ƙarfinta. Na yi kwana da kwanaki ina neman bakin da zan yi maka maganar ban samu ba. A aji sai in yi awa biyu ina magana a gaban ɗalibai ban gaji ba, amma in ce da ɗana zauna mu yi magana ya gagare ni. To ga ta a takarda. Ba umarni zan ba ka ba, labarin wuraren da na yi wauta zan ba ka, kai ka duba.

Ka san karatu ya kawo ni garin nan, da sandar hokin ciyawa a ƙasan akwati, domin tun ina sakandare a Kano shi ne wasana. Wata Asabar zafi ya kore ni na shiga wani katafaren kanti don in sha sanyin na'ura. Na leƙa ƙasa daga bene sai na ga mutane da sanduna suna sulalawa a kan ƙanƙara. Ba ƙwallo suke bi ba, wani baƙin roba ne mai faɗi kamar murfin gwangwanin madara, wanda har yau a gidanmu muke ce wa faifai. Na tsaya har aka tashi. Washegari na dawo da kaftanina da hula, na karɓi takalmi mai wuƙa a ƙasa, na taka da bismilla. Ban yi taku biyu ba na sha ƙasa, hula ta yi gabas ni na yi yamma. Wani siririn Ba'indiye ya zo ya tsaya a kaina yana dariya har da hawaye, ya miƙo hannu ya ce, "Boleh, boss, boleh. Again lah." Wai zan iya, in sake gwadawa. Shi ne Ankul Sivanka, mai shagon wasa wuƙar takalmi a Brickfields. Da na rubuta gida cewa ina wasa a kan ƙanƙara, ƙanena ya amsa yana tambaya ko irin wadda ake sa wa zoɓo ce, kuma wane irin almubazzaranci ne a bi ta da ƙafa.

Shekara biyu ina faɗuwa kafin ƙungiyar su Siva ta ɗauke ni a ƙaramin rukunin garin nan. Ba wata ƙungiyar a zo a gani ba ce. Akwai direban tasi, akwai likitan haƙori, akwai wasu Turawa ma'aikatan kamfani da tumbinsu, sai mu. Bayan asuba muke wasa, kafin a buɗe kantuna. A can na yi wautata ta farko.

Kai da ka tashi a cikin wasan ba za ka gane ba. A filayen da na sani a gida, ko na ƙwallo ko na hoki, in aka fitar da mutum aka sa wani to an ce masa ka gaza ke nan, ya fita da kai a sunkuye ana yi masa ihu. A ƙanƙara kuwa ba mai wuce minti guda. Ka shiga ka zuba ƙarfinka, ka fito, wani ya tsallaka, ka huta, ka koma. An yi mini wannan bayanin, kunnena ya ji, zuciyata ba ta ji ba. A wasana na farko ban daɗe da shiga ba na ji kocinmu yana dukan katakon da ya kewaye fili yana kiran sunana. Na ce a raina, me na yi wa mutumin nan? Ko don ni kaɗai ne baƙi? Na yi kunnen uwar shegu. Minti uku na yi a ciki. Numfashi ya ƙare, ƙafafu suka ƙi jin magana, wani matashi ya wuce ni kamar ina tsaye ina jiran mota, ya zura a raga. Na fito ina haki, wanda ya kamata ya karɓe ni yana zaune bai ko ɗaga ido ya kalle ni ba.

Da aka tashi Siva ya ja ni gefe. "Habibu," ya ce da Turancinsa mai gauraye, "minti biyun da ka ƙara ba naka ba ne, na wancan ne. You makan his food lah." Wai na cinye wa mutum abincinsa. Kunya ta kama ni fiye da ta faɗuwa da kaftani.

A can ma za su ce ka fito daidai lokacin da kake jin wasa ya fara daɗi. Ka fito. Wata rana za su zaunar da kai wasa guda cur, ko biyu. Ka zauna ka buɗe ido, a benci ake ganin abin da ba a gani a ciki. Kada kuma ka riƙa neman launin fatarka a cikin kowane hukunci. Wani lokaci yana ciki, ba zan yi maka ƙarya ba, amma sau da yawa gajiya ce koci ya hango a ƙafarka kafin kai ka ji ta.

Akwai wata ƙaramar wauta da ta biyo baya. Bayan wasa sukan tafi shagon mamak, irin gidan abincin Indiyawan garin nan, su sha shayi, ni kuwa sai in saɓa jaka in ce ina da karatu. Gaskiyar ita ce ina tsoron abin da za a ɗora a tebur, ina kuma jin nauyin tambaya. Wata shida ina mamakin yadda ba mai turo mini faifai ko ina tsaye ni kaɗai a gaban raga. Ashe sun ɗauka girman kai ne. Ranar da na bi su na tarar mai shagon ma Musulmi ne, har shi ya nuna mini inda zan yi walaha. Inda za ka ba haka ba ne, za a ɗora abin da ba ka ci da abin da ba ka sha. Ka je duk da haka. Ka faɗa musu tun ranar farko, da fara'a, sau ɗaya, ka sha ruwan lemonka, in hira ta fara canja launi ka yi sallama. Mutum ba ya turo wa wanda bai taɓa cin abinci da shi ba faifai.

Yanzu ga babbar, wadda kake gani kullum ba ka san asalinta ba.

A shekarata ta shida muna dab da wasan ƙarshe, wani ƙato ya faɗo mini a kan gwiwar dama. Na ji ƙas har cikin kunnena. Na miƙe na ce ba komai. A lokacin an kawo wani sabon ɗan wasa mai gudu, yana zaune a benci yana jiran gurbina, na rantse ba zan ba shi ba. Na bi ta Chow Kit na sayi man zafi da bandeji wurin wani mai magani, ina shafawa a banɗaki don kada Ummanka ta gani. Ta gani mana, wari kaɗai ya isa. Ta ce, "Malam, ƙafar nan ta kumbura, mu je asibiti." Na ce mata ba ta san wasa ba. Wasa uku na ƙara da ita. A na huɗu ba wanda ya taɓa ni, juyawa kawai na yi ƙafar ta lanƙwashe, aka fitar da ni a kan katako. Likita ya duba hoto ya dube ni, ya ce da tun makon farko na zo da hutu da ɗan gyara sun isa, yanzu kuwa sai aiki, kuma ba za ta koma yadda take ba.

Kofin ma ba mu ci ba. Kwanan baya na tambayi Siva wa ya ci a shekarar, sai da ya yi tunani, ƙarshe ya ce bai tuna ba. Abin da ya rage shi ne kujerar robar nan da kake ɗauko mini duk Juma'a, in zauna a ƙarshen sahu cikin tsofaffi ina sallah, goshina bai taɓa ƙasa ba shekara da shekaru. An gaya maka raunin wasa ne. Ba raunin ne ya zaunar da ni ba, ɓoye shi ne. Gwiwa kuma biyu ce, ɗaya ta lalace na dogara da ɗaya. Kai guda ne Allah ya ba ka, da shi za ka yi karatu, da shi za ka gane 'ya'yanka wata rana. Ina jin tsoro, Sadiku. Ban taɓa faɗa maka ina tsoron wani abu ba, yau na faɗa.

Bayan gwiwar na yi wata da watanni ban leƙa fili ba, har Siva ya zo gida ya ce yana neman wanda zai taya shi koyar da yara ran Asabar. Na je don in rabu da shi, na zauna shekara goma sha uku. A nan na gane ban taɓa zama gwanin ɗan wasa ba, amma ina da ido. Ina sanin yaron da zai yi kuka kafin ya fara, ina sanin wanda takalmi ya matse. Na haddace sunayensu duka, Malay da Sinawa da Indiyawa, har waɗanda harshena ke tuntuɓe a kansu. Ina ɗaure musu igiya, ina dafa kansu, in sun zura ina ihu har muryata ta dishe. Kai kuma kana cikinsu tun kana ɗan shekara shida, kana gani.

Ga dalilin da na ce zan zo kansa. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ka ci. A gidan da na tashi uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya yabonsa. Alkunya ce. Ni ma ɗan fari ne, har Baba ya rasu bai taɓa ambatar sunana ba, kuma ban taɓa shakkar yana sona ba ko na rana ɗaya, domin duk unguwarmu haka ake yi, kowane yaro ya san fassarar wannan shirun. Na ɗauko shirun na kawo shi garin da iyaye ke tsallaka katako su rungume 'ya'yansu a gaban kowa, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa zai fassara maka shi ba. Ga kuma tsoron kada a ce koci na fifita ɗansa. Sai na haɗa biyun na ɗora maka.

Lokacin kulle abin ya fi muni, ko da yake a lokacin dariya nake. An rufe fili, an kashe na'ura, ƙanƙarar ta narke. Kai kuwa ba ka zauna ba. Ka mayar da falon Ummanka fili, kana sulalawa da safa a kan tayil har ka fasa mata filas, daga baya ka koma wurin ajiye motoci da takalmi mai taya, kana buga faifai a bango sau ɗari-ɗari har maƙwabcinmu ya leƙo ta taga ya ce, "Cukup lah, Sadiq!", wai ya isa haka. Ina bayan labule ina ƙirga maka. Ran Asabar kuma ina koyar da yara ta kwamfuta, fuskoki ashirin a ƙananan akwatuna, ina kiran kowa ina cewa madalla. Kana cikin akwati na ƙarshe, alhali kana ɗakin da ke manne da nawa ina jin numfashinka ta bango. Kai kaɗai ne ban ce wa komai ba.

Da aka sassauta aka sake daskarar da fili, da sharuɗɗa. Ba 'yan kallo, mutum kaɗan ake bari, a auna zafin jiki a ƙofa, mu masu koyarwa kuma da takunkumi a baki. Ranar da ka bugu ka fi ni saninta, amma ba ka san ta daga inda nake tsaye ba. Wasan gwaji ne da manya. Ka wuce minti ɗaya a ciki, na ga ƙafarka ta hagu ta fara jan ƙasa, na ga kanka ya fara sunkuyawa. Na san alamar, a jikina na koye ta. Abin da koci ke yi shi ne ya ɗaga murya ya kira suna. Sunan ya zo har bakina ya tsaya. Na ce "Fourteen!" ta cikin takunkumi, ƙarar wuƙaƙe ta haɗiye shi. Na juya na ce da Siva, "Kira shi." Kafin ya gane wa nake nufi ka bi faifai lungu da kai a ƙasa, wani ƙato ya zo da gudu, na ji ƙarar hular kwanonka a jikin katako.

Fili ya yi tsit. Siva ya tsallaka da gudu. Ni ina tsaye na riƙe ƙofar benci, ƙafata ta ƙi ɗagawa, kuma ba gwiwar ba ce. Da ka tashi ba Siva ka kalla ba, ni ka nema da ido, ka ce, "I'm okay, Coach." Na gyaɗa kai na ce, "To, fito ka huta." Da ɗan wani ne da na durƙusa a gabansa na duba idonsa, na kira iyayensa, na hana shi takalmi sai da takardar likita. Na sha yin haka. Kai kuwa na sa ka a mota muka taho, na tsaya a mamak na sa aka ƙunsa maka roti, irin gurasarsu, wannan ne duk abin da na iya. Laifin wannan buguwar nawa ne. Ka yafe mini.

Sai kuma na ƙara da wani. Da Hafsatu ta tura hotunan wasanka waje, ƙungiyar da za ka je ta amsa, suka ce suna son takarda daga kocinka. Ka kawo mini maganar a falo kana wasa da igiyar wandonka. Na ce, "Ni ba zan rubuta ba, ka kai wa Siva." A kaina ina cewa wane uba ne zai zauna ya jera yabon ɗansa a takarda ya aika wa baƙi. Daga baya na ji ka a kicin kana cewa, "Umma, even Coach doesn't think I'm good enough. Zan je in nuna masa." Ta ce, "Ba haka ba ne, ba ka san Abbanka ba." Ka ce, "To yaushe zan san shi?" Ina tsaye a bayan ƙofa, na koma ɗaki a hankali kamar ɓarawo.

Tun ranar na gane ciwon kan nan ba ƙungiya kake ɓoye wa ba. Ni kake ɓoye wa. Kana so ka je ka yi wasa ko ta halin ƙaƙa don wani mutum a Kuala Lumpur ya buɗe baki. To bari ya buɗe tun yanzu, ka huta. Ga takardar da ban rubuta musu ba.

Na koyar da yara masu yawa, ban ga wanda ke ganin fili kamarka ba. Kafin faifai ya iso ka riga ka san inda za ka tura shi, sau biyu kake waiwaya ba tare da an koya maka ba. Kana juyawa ta hagu da ta dama daidai, abin da ni har na bar wasa ban iya ba. Bugunka na baya yana da rauni, ka sani, ka ci gaba da aiki a kansa. In aka zura mana kai ne na farko da ke zuwa wurin gola ka daki kafaɗarsa, ba wanda ya ce ka yi. Akwai ranar da raga ke buɗe a gabanka ka tura wa yaron nan da bai taɓa zurawa ba tun da ya shigo ƙungiya. Ranar na shiga banɗaki na rufe ƙofa don kada a ga idona. Ka fi ni tun kana ɗan sha huɗu, kuma ba da kaɗan ba. Duk hoton da Hafsatu ta ɗauka yana wayata, tsakanin aji da aji shi nake kallo, har wani abokin aikina ya gaji da ni ya ce in ƙyale shi ya ci abinci. Ina alfahari da kai. Ba sai ka ci komai ba, an gama wannan.

Saboda haka ba ka da abin da za ka nuna mini. Ka je ka yi wasa don kana sonsa, shekaru masu yawa, ba wata uku ba.

Adireshin ƙungiyar yana wayata, zan iya rubuta musu yau in tona maganar. Na yi tunanin haka, na fasa. Na gaji da yin abu a bayanka, ko yabo ne ko kariya. Kai babba ne, kai za ka faɗa. In kuma bakinka ya yi nauyi, ba mamaki, ka san inda ka gado shi. Takardar likitan da Ummanka ta kai ka wurinsa tana cikin takalmi na dama, ka miƙa wa nasu kawai, ba sai ka ce komai ba. Ka gaya masa har abin da ba ka gaya wa Umma ba, hasken da ke damun idonka, da yadda kake sakin labule da rana tsaka. Na lura.

Abin da nake zato shi ne za su duba ka, su ce ka huta wasu makonni, ka riƙa sulalawa kai kaɗai ba karo, sannan su sa ka. Kakar wasa doguwa ce, kuma mutanen da suka nemo yaro daga ƙasar da ba a taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, a tsakiyar annoba, ba su yi haka don su jefar da shi a makon farko ba. Koci ne ni, na san darajar ɗan wasan da ke faɗin gaskiyar jikinsa, shi ake iya dogara da shi ranar da wasa ya yi zafi. In kuwa suka ce ka koma gida, ka dawo. Ba abin kunya a ciki ko kaɗan. Ka warke, mu sake ɗaukar hoto, mu sake aikawa, wannan karon da takardata a sama da sa hannuna. Shekararka goma sha tara, ni a shekarunka ban ma san ana tsayawa a kan ƙanƙara ba.

Sauran ƙananan abubuwa Ummanka ta riga ta faɗa maka sau goma. Rigar sanyin da muka sha yawo a Jalan Tuanku Abdul Rahman kafin mu samu, mai shagon da kansa ya ce ba ta kai ba, ka nemi ta gaske da zarar an sake ka. Ka riƙa sa takunkuminka, ka riƙa wanke hannu. Lokutan sallah a can za su rikita ka, rana gajeriya ce da hunturu, ka sa ido kada azahar da la'asar su wuce ka kana fili. Ka nemi masallaci ko da ɗaki ɗaya ne a saman shago. Ka bushe wuƙar takalminka bayan kowane wasa, in ba haka ba Siva zai ji a jikinsa daga nan.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar da ka ga likitan, ko me ya ce, ka kira ni. Ni, ba Ummanka ba, ba Hafsatu ta gaya mini ba. Na duba wayata ɗazu, duk saƙonnin da ke tsakaninmu lokacin atisaye ne da "na iso" da "to". Ba mu taɓa hira a waya ba, ban san yadda za mu fara ba. Wataƙila mu gaisa mu yi shiru, kai a can ni a nan. Ba komai, kada ka kashe. Zan riƙe har ɗayanmu ya samu abin faɗa.

Allah ya tsare min kanka da ƙafarka. Allah ya sa sanyin ƙasar ya karɓe ka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin abin da kake gani da wanda ba ka gani. Allah ya yaye mana wannan annoba, ya buɗe hanyoyi, ya nuna mini ranar da zan zauna cikin 'yan kallo ba a benci ba. Na yafe maka duniya da lahira, ko da yake ban san abin da ka taɓa yi mini ba. Na ba wa Allah ajiyarka, shi da ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifinka,
Habibu.